Ƙauri a Sigarin Lantarki: Gargaɗin da Ya Fi Ƙarfin Aljihun Talaka

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna fitilar ƙwai ya san abin da kan faru idan kananzir ya ƙare ba a ankara ba. Harshen wutar ya yi ja, hayaƙi ya baƙanta ƙwan, ɗaki ya gauraye da ƙauri, domin lagwanin da aikinsa janyo mai ne ya koma shi wutar ke ci. Abin da ke faruwa ke nan a cikin sigarin lantarki sa'ad da mai zuƙarta ya ji wani ɗaci mai kartar maƙoshi, tamkar ya shaƙi hayaƙin ƙonannen tsumma. Masu sha'awar na'urar suna ɗaukar wannan a matsayin 'yar tangarɗar da za a gyara a ci gaba da jin daɗi. Ƙaurin ya wuce haka. Shi kaɗai ne ƙararrawar da na'urar ke da ita, kuma kasuwa ta kama hanyar kashe ta.

Sigarin lantarki irin ta yau, wadda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003, ba ta da wani sirri a cikinta. Akwai batir, akwai siririyar waya da aka naɗe kamar zobe, akwai auduga da aka zura ta tsakiyar naɗin, sai kuma ruwan da audugar ke tsotsa. Ruwan haɗi ne na furofilin gilaikol da giliserin, da kayan ƙamshi, sau da yawa kuma da nikotin. Idan aka danna maɓalli wayar ta yi zafi, ruwan da ke jikin audugar ya zama tururi. Furofilin gilaikol na tafasa a wajen digiri 188 a ma'aunin Salshiyas, giliserin kuma a wajen 290. Muddin audugar na jiƙe, tafasar ruwan ce ke kwashe zafin, kamar yadda tukunya ba ta ƙonewa matuƙar da ruwa a cikinta. Da ta bushe, zafin wayar sai ya haura cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, audugar ta babbake.

Akwai rukunin masu zuƙa da ba sa sayen kan na'ura haɗaɗɗe. Su ke naɗa wayarsu da kansu, ta Kanthal ko nikurom ko ƙarfen da ba ya tsatsa, su auna ta, su cusa auduga. Wajen waɗannan ne ilimin ƙauri ya taru, kuma duk dalilan da suka gano suna komawa ga abu guda: wayar tana ƙafar da ruwa fiye da yadda auduga ke kawo shi. Wani lokaci ƙarfin wuta ne aka ɗaga ya wuce abin da naɗin zai ɗauka. Wani lokaci audugar ce aka danƙara har ta shaƙe, ruwa ya kasa ratsa ta, ko kuma aka yi mata sako-sako ta bar wani sashen wayar tsirara yana zafi shi kaɗai. Sabuwar auduga da ba a jiƙa ta an ba ta 'yan mintuna ba takan ƙone a zuƙar farko. Zuƙa a kan zuƙa babu hutu ma haka take. Ruwan da giliserin ya yi wa yawa kauri gare shi, kuma da sanyin asubar hunturu yana ƙara daskarewa, ya riƙa tafiya a hankali kamar zuma. Kayan zaƙi kuwa suna barin baƙin dauɗa a jikin waya, kamar ƙanzon ƙasan tukunya, har ya toshe audugar.

Akwai kuma laifin naɗin kansa. Idan zagayen wayar bai daidaita ba, wani wuri yakan fi wani ɗaukar zafi. Shi ya sa ƙwararru ke kunna naɗin a hankali kafin su sa auduga, su ga ko jan wutar ya faro daga tsakiya ya bazu zuwa gefe daidai wa daida. In wani gefe ya riga saura yin ja, sai a matse shi da ɗan hantsaki har ya daidaita. Gyaran duka bai fi ƙarfin mai haƙuri ba: a rage wuta, a sassauta auduga, a jiƙa ta, a bar tazara tsakanin zuƙa. Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa. Audugar da ta riga ta babbake sai dai a cire ta a jefar, don duk ruwan da aka zuba mata ƙaurin na nan.

Dalilin da ya sa wannan ya wuce zancen ɗanɗano shi ne abin da zafi ke yi wa ruwan. Idan giliserin da furofilin gilaikol suka sha zafin da ya wuce kima sukan farfashe su haifar da wasu sinadarai, ciki har da fomaldihaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin masu haddasa kansa, da kuma akirolin, mai ƙona hanyoyin numfashi. A watan Janairun 2015 wasu masana na Jami'ar Jihar Fotland a Amurka suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa da suka kunna wata na'ura a bolt 3.3 ba su ga fomaldihaid ba, amma da suka kai ta bolt 5 sai suka same shi da yawan gaske. Wani likitan zuciya ɗan ƙasar Girka, Konstantinos Farsalinos, ya mayar musu da martani a shekarar: injin gwaji ne kawai zai ci gaba da zuƙa a irin wannan zafi, domin ɗan Adam zai ji ƙauri ya tsaya.

Hujjar Farsalinos tana da ƙarfi, amma an gina ta ne a kan wani irin mutum. Mutum ne mai na'urar da ake buɗewa, mai ƙullin auduga a aljihun tebur, wanda ya san ma'anar ƙauri, wanda kuma jefar da abin da ya lalace ba ya hana shi barci. A ɗauki hujjar nan a kai ta Kamarawa, a ƙaramar hukumar Isa, ko ƙauyukan Sabon Birni da ke bakin iyakar Nijar, sai a ga ƙafarta ba ta taka ƙasa.

A wannan yanki na tsohuwar ƙasar Gobir taba ba baƙuwa ba ce. An daɗe ana noma ta a fadamu, ana kai ta kasuwanni irin ta Shinkafi, tsofaffi suna cusa garinta da kanwa a baki ko su sha a lofe, sigari kuma ana sayar da ita kara-kara a teburin mai shayi. Sigarin lantarki har yanzu kayan birni ce, ta Abuja da Kano da Sakkwato. Sai dai tazarar birni da ƙauye ta ragu ƙwarai tun da hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwan gabashin Sakkwato. Samarin da a da suke zuwa ci-rani su dawo da damina yanzu da yawansu a birni suke zaune, suna acaba da dako da ga-ruwa, kuma abin da matashi ya gani a hannun tsaransa shi yake kai wa ƙannensa. Iyakar ma ba shinge ba ce. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma kayan da ya shige aljihu bai taɓa jiran jami'in kwastam ya buɗe ƙofa ba.

Kuma irin da za ta isa can ba mai naɗin hannu ba ce. Ita ce 'yar yarwa, wadda ake ƙerawa galibi a Shenzhen, a rufe ta ruf da roba mai launi, a tallata ta da ƙamshin mangwaro ko kankana. Ba a buɗe ta, ba a ganin audugarta, a yawancinsu ba a ma ganin yawan ruwan da ya rage. Sababbin samfuran ana cajinsu, wato batir yana nan da ƙarfinsa bayan ruwa ya ƙare, fitila ce mai wuta babu kananzir. Mai ita ba shi da ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren da aka lissafa a sama. Zaɓinsa biyu ne, ya jefar ko ya daure. Wanda ya yi wuni yana dako kafin ya haɗa kuɗinta ba zai jefar da ita tana fitar da hayaƙi ba. Zai zuƙe ta har ƙarshe, ya miƙa wa na kusa da shi ya ƙarasa, kuma zuƙar ƙarshen nan ita ce daidai wadda injin Fotland ya yi.

Masu ƙera ta sun ƙara dagula lamarin. Tun da na'urar Juul ta shigo da nikotin mai haɗin asid a 2015, kartar maƙoshin da ke hana sabon shiga zarcewa ta ragu sosai. Aka ƙara sinadaran sanyaya baki da zaƙi mai yawa, waɗanda ke dusashe ɗacin farkon ƙuna. Tarayyar Turai ta ƙayyade nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita. Da yawa daga cikin 'yan yarwa da ke yawo a kasuwannin da babu ƙa'ida suna ɗauke da 50. Wayar ita ma ba ta fita zargi ba, don a 2018 masana na Jami'ar Johns Hopkins sun gwada na'urorin mutum 56 suka sami gubar dalma da kuromiyam da nikel a tururin da yawansu. Ga batirin litiyam da za a bari a shagon cajin waya a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a yankin da asibitocin karkara da dama suka rasa ma'aikata saboda tsoron garkuwa.

Hukumomi kuwa idonsu na kan shisha. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su hana shan ta, Kano ma ta bi da nata hanin. Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa ta 2015 da ƙa'idojinta na 2019 an tsara su ne domin ganyen taba, kuma ko abin da suka faɗa ƙarara, kamar hana sayar da sigari kara-kara da hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kowa na ganin yadda ake bin sa a bakin kowace tasha. Ƙara wani hani a kan waɗannan abu ne mai sauƙi, kuma zai yi daɗin ji a rediyo.

Abin da ya fi amfani shi ne a bambanta. Hujjojin da ke nuna sigarin lantarki na taimaka wa wasu manya su rabu da sigarin ganye ba na wasa ba ne, shi ya sa Birtaniya ba ta haramta ta ba. Amma Birtaniyar ce ta hana sayar da 'yar yarwa daga 1 ga Yunin 2025. Najeriya na iya bin wannan layi: a tare rufaffiyar na'ura a tashoshin jiragen ruwan Legas, inda kwantena ke sauka, tun kafin ta watsu zuwa inda ba mai iya bin sawunta, a ƙayyade nikotin, a wajabta tankin da ake ganin ruwansa, a rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, cewa idan an ji ƙauri a tsaya. Hukumar SON da NAFDAC da ta kare haƙƙin masu sayayya duk suna da hurumin da za su fara da shi. Su kuma ma'aikatan lafiya da malaman makaranta na Isa da Sabon Birni, bayanin ba zai ba su wuya ba, domin fitilar ƙwai da aci-balbal ba baƙi ba ne ga mutanen gidajen da za su shiga.