Ruwan rini na bin kwata, mu kuma sai tsallakewa muke

Ƴan uwa, duk wanda ya bi ta unguwar da ake rinin shadda ya san ruwan nan: yau shuɗi, gobe ja, yana malala cikin kwata har inda yara ke wasa. Ba kala kaɗai ke ciki ba, akwai soda mai ƙona fata. A Yamai kuwa, abin da ya bi kwata da damina, ƙarshensa kogin Isa ne.

Da an ta da maganar sai ka ji an ce a kori masu rinin. Ni ban yarda ba. Matar da ke tsaye kan tukunya tun safe, da wannan sana'a take ciyar da gida, take biyan kuɗin lakwal.

Akwai dabarar da nake so mu sani. Ana sarrafa gawayi har ya cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In da za a shimfiɗa cikin ramukan giram 1 kacal, faɗinsu zai iya kai murabba'in mita 1000. Sai a yi faranti biyu da shi, a tsoma cikin ruwan, a ba su wuta kamar bolt 1.2, ƙasa da batirin tocila. Ƙwayoyin rini masu caji sai farantin ya jawo su, su maƙale cikin ramukan. In ya cika, a juya wutar, ya sake su cikin ɗan ruwa kaɗan, a ci gaba da aiki da gawayin. Wutar ba ta fi ƙarfin sola ba, rana kuwa Allah Ya hore mana.

Kuma ba sai an sare itace ba. A Jami'ar Abdou Moumouni an riga an yi irin wannan gawayi da ƙwallon aduwa da na magarya, abin da muke tsotsewa mu yar.

Gaskiya dai, rinin ba ɓacewa yake ba, tara shi ake yi, dole a san inda za a kai dattin. Gishirin da ke cikin ruwan marina ma yana cinye wurin da rini zai zauna. Yawancin aikin har yanzu a ɗakin gwaji yake.

Shi ya sa abin da nake nema ƙarami ne. Magajin gari ya gina tafki guda na siminti inda masu rinin unguwa ɗaya za su zuba ruwansu, ɗalibanmu na kimiyya su zo su gwada a kan ruwan marina na gaske. Wanda ke da kansila a unguwarsu, don Allah ya kai masa wannan magana.