Nama Ba Ruwa, Ƙoda Ke Biya

Mahauta da masu tsire na Fatakwal, Anacha da Inugu kan wuni cikin gumi, nama ne cimarsu, ruwa kuwa sai ƙishi ya matsa. A nan tsakuwar ƙoda ke samun gindin zama. Furotin na nama idan ya yi yawa, yakan ƙara wa fitsari tsami da kalsiyam, ya rage sinadarin sitiret mai hana su dunƙulewa. Ga ƙarancin ruwa, sai tsakuwa ta ƙullu. Wanda ta kwantar a baƙon wuri, wa zai ciyar da iyalinsa a Arewa? Wajibi ne sarakunan Hausawa su sa randuna a kowace kwata, jama'a su sha kamar lita 3 kullum, su rage nama da gishiri. Rigakafi ya fi magani.