Ba'amurke Na Da Ƙasa Biyu, Ɗan Gangare Na Neman Takarda Ɗaya

A watan Nuwamban 2019 gwamnatin Ghana ta rantsar da mutum 126 daga ƙetare, galibinsu baƙaƙen fatar Amurka da tsibiran Karebiyan, a matsayin 'yan ƙasarta. A Nuwamban 2024 ta ƙara wasu 524. Jamhuriyar Benin ma ta kafa doka a 2024 wadda ta buɗe wannan ƙofa ga jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ba'amurken da aka haifi kakansa a ƙasar Ayalan, rajista zai yi ya zama ɗan ƙasa. Wanda ba shi da kaka amma yana da kuɗi, tsibirin Sen Kits da Nebis na sayar da nasa fasfon tun 1984. Duk wannan kuwa ba ya raba shi da fasfonsa na Amurka.

Ba hassada ta sa muka kawo zancen ba. Muna so ne jama'armu su auna shi da halin da muke ciki a nan Jos.

Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ba baƙo daga wata ƙasa damar neman zama ɗan Nijeriya bayan zaman shekara 15. To amma shekara nawa ɗan Nijeriya zai yi a wata jiha kafin ya zama ɗanta? Babu adadi. Kakanninmu sun zo haƙar kuza da fatauci tun farkon zamanin Turawa, an haifi iyayenmu a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, a nan muke biyan haraji, a nan muke binne mamatanmu. Duk da haka taron zaman lafiya na Jihar Filato na 2004 ya tsayar cewa Berom da Anaguta da Afizere ne 'yan asalin Jos. Ba mu musun asalinsu, maƙwabtanmu ne na tun fil azal. Tambayarmu ita ce, yaron da aka haifa a tsakaninsu, shi ɗan ina ne?

Kowane magidanci ya san lokacin da wannan tambaya ke cizo: ranar neman gurbin jami'a, ko tallafin karatu, ko shiga soja da ɗan sanda. Sai a ce kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sai uba ya kama hanyar Kano ko Bauci ko Katsina, garin da wataƙila ko kabarin kakansa bai sani ba, ya nemi wanda zai tsaya masa. Wani ya samu, wani a ce masa ai kai ɗan Jos ne. Ba mu ga laifin wanda ya yi haka ba, domin karatun yaro ba ya jira. Sai dai a sani, takardar Ba'amurke ƙari ce a kan wadda yake da ita, tamu kuwa gobe ita za a ɗaga a ce ga shaida, da hannunku kuka rubuta cewa ku ba 'yan nan ba ne.

A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye ƙudirinsa da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha matsayin ɗanta, bayan suka ta yi masa yawa. Ke nan gyara ba ya kusa.

Kafin ya zo, muna kira ga kowane gida ya yi wa 'ya'yansa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a nan Jos, ya adana takardun fili da rasidan haraji da katin zaɓe, har da tsofaffin takardun kakanni komai yagewarsu. Wakilanmu a majalisu kuma, idan sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su a bainar jama'a matsayinsu kan bai wa mazauni haƙƙi ta hanyar haihuwa da zama, a kuma rubuta amsar da suka bayar.