Ramin Zinare: Yaranmu Ke Shiga, Sunanmu Ke Ɓaci, Kuɗin Na Tafiya Dubai

Iyayena da 'yan uwana mazauna Kudu, na Agege da Mile 12, na Sabon Ibadan da Shagamu, na Ilesha da Ife.

Ina rubuto muku ne daga Gwarinpa. Mahaifina fataucin shanu yake yi, a kara na tashi, kuma kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ba nisa da mu. Akwai wani yaro da ya shekara kusan huɗu yana raka mana shanu a tirela zuwa Legas. Bara ya zo ya yi wa Baba sallama, wai zai tafi wajen Ilesha aikin zinare. Baba ya ce masa, "Kai yaro, saniya idan ta faɗi a mota ana ɗaga ta, rami fa?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, abin da nake samu a lodi uku, can a sati ɗaya ake samun sa." Ya tafi. Yau kusan wata biyar ke nan wayarsa ba ta shiga, mahaifiyarsa kuma mu take kira. Shi ya sa na zauna na bi wannan magana.

A farkon Disambar 2025 gwamnonin Arewa da sarakuna sun zauna a Kaduna, suka nemi Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai na wata shida, saboda a cewarsu haƙar da ake yi ba bisa ƙa'ida ba tana ciyar da 'yan bindiga. Wanda ke Legas ko Ibadan zai iya cewa wannan maganar 'yan gida ce. To ba haka ba ne. Duk ranar da aka rufe rami a Arewa, mai haƙa ba gida yake komawa ya kwanta ba, jakarsa yake ɗauka ya nufi inda ba a rufe ba. Kuma idan ya sauka a Kudu, unguwarku ce masaukinsa.

An taɓa gwadawa ai. A Afrilun 2019 gwamnatin Buhari ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, a Maris ɗin 2021 ta ƙara da hana jirage shawagi a samaniyar jihar. Haramcin ya wuce shekara biyar, sai a Disambar 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage shi. A cikin waɗannan shekarun kashe-kashe ba su tsaya ba, haƙar ma ba ta tsaya ba. Masu takarda ne suka janye, filin ya koma hannun wanda ke riƙe da bindiga, ƙananan ma'aikata kuma suka watsu Neja da Kaduna da Osun, wasu har Nijar da Mali.

Me ke jan su? Farashi ne na farko. Ana auna zinare a kasuwar duniya da ma'aunin da ya ɗan haura giram 31. A Agustan 2020 ya fara haura dala 2,000, a Maris ɗin 2025 ya wuce dala 3,000, a Oktoban shekarar ya wuce 4,000. Ga naira ta karye tun da aka sake ta a Yunin 2023. Wato ɗan ƙwayar da bai kai ƙwayar masara ba ya fi albashin maigadi na wata. Na biyu, ƙofofin da yaranmu suka saba bi suna ta rufewa. Noma ya gagara a ƙauyuka da yawa saboda tsaro. Acaɓa an hana ta a tsakiyar Abuja tun 2006, Legas ma ta hana ta a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, daga baya ta ƙara wasu. Saurayi mai ƙarfi, babu jari, babu takardar makaranta, idan aka ce masa ga inda diga da shebur kaɗai ake nema, wa zai riƙe shi?

Aikin iri biyu ne, kuma ya kamata iyaye su san su. Akwai na bakin rafi. A kwaso yashi da laka, a kafa doguwar kwata ta katako ko ta ƙarfe a karkace, a shimfiɗa mata kafet, a riƙa zuba ƙasar ana kora ta da ruwan inji. Zinare ya fi yashi nauyi sosai, sai ya maƙale a gashin kafet, yashin ya wuce. Da yamma a wanke kafet ɗin a baho, a tace a kwano. Sannan akwai na rijiya. A haƙa rami mai faɗin da bai fi mutum ɗaya ya shiga ba, a yi ta nutsawa gaba da gaba har a tarar da jijiyar dutsen, sannan a bi ta a kwance a ƙarƙashin ƙasa. Mutum na ciki da tocila a goshi, ana jawo buhu da igiya. Dutsen a fasa shi, a niƙa a inji, a wanke, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona ta ta tashi ta bar shi.

Kowane mataki da irin kisan da yake yi. Rijiya tana ruftawa, musamman da damina idan ƙasa ta sha ruwa. A Nuwambar 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, mutum 18 aƙalla suka rasu. Ranar 3 ga Yunin 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wani rami ya rufta a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja, ya danne gomman mutane. Hayaƙin zaiba yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda a hankali, sai ka ga hannun mutum na rawa bai san dalili ba. Niƙa kuwa, ita ce ta jawo mana babban abin baƙin ciki. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Dutsen zinaren wurin yana ɗauke da dalma, ana kai shi gida mata na dakawa a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Yara sama da 400 suka mutu. Bagega sai a 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. A 2015 aka maimaita a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Neja, yara 28 suka tafi. Waɗanda suka rayu da yawa gubar ta bar musu tabo a ƙwaƙwalwa har abada.

To wa ke cin ribar? A nan ne abin ya fi ba ni haushi, domin ni a kara na san yadda ake ciniki. Mai saniya yana tsaye, dillali yana tsaye, mai saye yana tsaye, kowa na jin farashi, la'ada sananniya ce. A rami ba haka ba ne. Akwai ubangidan da ke ba da kuɗin abinci da man inji da kayan aiki, da sharaɗin shi kaɗai za a sayar wa. Sikelin nasa ne, farashin nasa ne, bashin abincin ma shi ke lissafawa. Idan an yi wata biyu ba a samu ba, bashi ya hau kan yaro. Idan an samu, a cire bashi, a cire rabon mai fili, a cire na masu karɓa a hanya, sannan a raba ragowar. Daga hannun ubangida zinaren ya wuce hannun dila, daga nan ya bar ƙasar. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinare aƙalla tan 435 daga Afirka, mafi yawansa zuwa Daular Larabawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnati ta ce ta kawo gyara. A Yulin 2020 an nuna wa Shugaba Buhari sandar zinare mai kilo 12.5 da aka ce daga ƙananan masu haƙa aka tara ta, Babban Bankin Najeriya ya saye ta. A 2024 an kafa rundunar tsaron ma'adinai daga cikin jami'an Sibil Difens. Amma ku tambayi duk yaron da ya dawo daga daji, ko ya taɓa ganin wurin sayen gwamnati kusa da raminsa. Mai kama shi ya fi saurin isa gare shi a kan mai saye da farashin gaskiya.

Yanzu ga inda abin ya shafe ku kai tsaye. Ƙasar Ijesha, wato Itagunmodi da Ifewara da kewayensu, tsohuwar ƙasar zinare ce tun zamanin Turawa, kuma ƙasar koko ce. Bishiyar koko shekaru take ɗauka kafin ta fara 'ya'ya, rami kuma a sati yake cinye gona. Kogin Osun da mutanen jihar ke sha, wasunsu ma suke girmamawa a al'adarsu, ya koma ruwan laka, har a 2022 aka gargaɗi masu zuwa bikin Osun-Osogbo kada su sha. A Mayun 2020 gwamnatin Osun ta kama mutum 27 kan haƙar zinare, 17 daga cikinsu 'yan China ne. Manyan injinan da ke yanka gaɓar kogi ba na ɗan Anka ba ne, bai da kuɗinsu. Filin ma ba ƙwace shi ya yi ba, wani ɗan gari ne ya karɓi kuɗi ya ba da. Amma manomin da ya je gonarsa ya tarar da rami, fuskar wa yake gani a ciki? Ta ɗanmu. Shi ba ya cewa "ubangida", cewa yake "Hausa".

Mu tuna fashewar Bodija a Ibadan ranar 16 ga Janairun 2024, wadda Gwamna Seyi Makinde ya ce nakiyoyin masu haƙar ma'adinai ne da aka ɓoye a cikin gida suka haddasa ta. Tun daga lokacin kalmar "mai haƙa" ta ƙara nauyi a kunnen mutanen Kudu maso Yamma. Mu kuma tuna Shasha a Fabrairun 2021, yadda rigimar mutum biyu ta cinye kasuwa. Mai tumatir da mai canji da mahauci, waɗanda kakanninsu suka kafa Sabo, su ne ke biyan bashin da ba su ci ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ni ban ce a hana yara neman halal ba, kuma tarihin Zamfara ya nuna hani kaɗai ba ya rufe rami. Abin da nake roƙo, iyayenmu Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ɗauki abin nan kamar yadda suka ɗauki fataucin shanu da goro. Baƙo a kara yana da fatoma, an san wanda ya sauke shi, an san wanda za a tambaya. Duk wanda ya kwaso yara daga gida zuwa daji, ya kawo sunayensu da garinsu da lambar iyayensu gaban Sarki. Yarjejeniya da mai gona a rubuta ta a gaban basaraken garin, har da sharaɗin cike rami idan an gama. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ba ƙananan masu haƙa damar haɗuwa a ƙungiyar gama-kai su nemi lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai da ke nan Abuja. Masu iliminmu da lauyoyinmu su taimaka musu da takardun, domin mai takarda yana iya tsayawa ya yi ciniki, marar takarda kuwa kowa abincinsa ne. Limamai su faɗa a huɗuba: kada a kawo dutse ko kayan aiki cikin gida, kada a ƙona zaiba a ɗaki, kada a ajiye nakiya a unguwa, kada a shiga rijiyar da ba a tokare ba da damina, kada a sa ƙaramin yaro a rami.

Ku kuma 'yan uwana samari, kafin ka hau mota ka tambayi wanda ya kira ka abu uku: wa ke da filin, wa ke da sikelin, kuma idan ƙasa ta danne ka wa zai kira gidanku. Idan ya kasa amsawa, ka san matsayinka a wurinsa.

Yaron namu har yanzu muna cigiya. Baba ya aika wa wani abokin cinikinsa a Ilesha, an ce za a duba. Da a ce akwai littafin da aka rubuta sunansa ranar da ya sauka, da yanzu mun san abin da za mu faɗa wa mahaifiyarsa.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.