Gargaɗin da Aka Toshe wa Baki

Ranar Juma'a a Karar Wudil, ba ƙaramin kuɗi ke bi ta na'urar POS ba. A ɗauka manomi daga Ɗankaza ya sayar da sa, an cire kuɗi daga asusun mai saye, amma ba su iso ba. Ciniki bai faɗa ba, bai kuma warware ba, yana rataye. Wannan hali na uku shi masu rubuta manhaja suka fi mantawa da shi.

Haskell, harshen da aka fitar da ƙa'idojinsa a 1990, yana da maganin wannan mantuwa. Mai rubutu zai ayyana cewa ciniki hali uku gare shi. Idan ya tanadi biyu ya bar ɗaya, GHC, wato kamfailan da ke juya rubutunsa zuwa abin da na'ura ke fahimta, yana iya gano giɓin. Sai dai ba ya cewa uffan sai an nema. Zaɓin -Wall ke buɗe masa baki, -Werror kuma ya sa ya ƙi kammala aiki har sai an gyara. In ba su, manhaja za ta fito lafiya lau, ta je ta faɗi a hannun mai POS, manomi na tsaye.

Abin takaici, da yawa sun fi sanin -O2, mai ƙara wa manhaja gudu, wasu ma har -w suke sawa, wanda ke kashe gargaɗi baki ɗaya. Hujjarsu ita ce -Wall ya cika surutu, yana ƙorafi har kan kayan da aka shigo da su ba a yi amfani da su ba. Gaskiya ne, amma uzuri ne mara ƙwari. Kowane gargaɗi da makullinsa: -Wno-unused-imports zai rufe wannan kaɗai, ya bar sauran. Kamfailan OCaml ma ba ya jiran a tambaye shi kafin ya yi gargaɗi kan halin da aka manta.

Wanda ya kashe gargaɗi bai kawar da kuskure ba, ya dai tura shi ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya dace malaman kwamfuta, daga Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil zuwa sauran jami'o'i, su riƙa tambayar ɗalibi zaɓuɓɓukan da ya kunna kafin su duba ko manhajarsa na aiki.