Waiwaye: A Hannun Wa Igiyar Aure Take?

Yawancinmu a rediyo muka ji labarin. Ranar Juma'a ce, 26 ga Yunin 2015, muna cikin azumi, aka ce Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a dukan jihohin ƙasar hamsin, alƙalai biyar sun rinjayi huɗu. A daren nan bayan asham babu majalisar da ba a tattauna maganar ba. Wani ya yi ta'awizi, wani ya ce alamun tashin duniya ne, mai shayi ya ce dama abin da ya rage musu ke nan. Muka yi kwana biyu muna jinjina abin, sai hidimar salla ta sha kanmu.

Hukuncin addini a kan wannan lamari ba abin da ake ja-in-ja da shi ba ne a tsakaninmu, Musulminmu da Kiristanmu, kuma ban zo in tayar da shi ba. Abin da nake so mu waiwaya shi ne tambayar da zafin rai ya hana mu yi a lokacin: su mutanen can, a kan me takamaimai suke shari'a?

Shekara biyu kafin wannan hukunci, wata dattijuwa a birnin New York mai suna Edith Windsor ta yi nasara a kotun. Abokiyar zamanta ta rasu a 2009 ta bar mata dukiya, hukumar haraji ta ce sai ta biya sama da dala 363,000 na harajin gado, kuɗin da ba a karɓa daga hannun wadda mijinta ya mutu. Shi kuwa Jim Obergefell, wanda shari'ar 2015 ke ɗauke da sunansa, abin da ya nema shi ne jihar Ohayo ta rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwar abokin zamansa. Babu ɗayansu da ya kai ƙarar wani limamin coci. Gwamnati suka kai ƙara, domin a ƙasarsu takardar aure ce ke buɗe ƙofar gado, fansho, rangwamen haraji, da izinin yanke shawara a kan majinyaci idan ya fita hayyacinsa. A 2004 ofishin binciken gwamnatin tarayyarsu ya ƙirga wurare 1,138 a dokokin ƙasa inda matsayin aure ke sauya haƙƙin mutum.

To, yaya aka yi takardar ta koma aljihun hukuma? A Turai ɗaruruwan shekaru aure yardar mutum biyu ne da danginsu. Sai a 1563 cocin Katolika ya ce auren mabiyansa ba ya ƙulluwa sai a gaban limami da shaidu. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1792, gwamnati ta karɓe rajistar daga hannun coci, har yau kuma a can sai an fara zuwa ofishin magajin gari kafin a je wurin ibada. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san ɓurɓushin wannan tsari, inda ma'aikaci kan ɗaura aure a ƙofar gida, daga baya ya je ya nemo takarda saboda albashi da haƙƙin iyali. Daga ranar da hukuma ta riƙe littafin aure, ya zama dole ta amsa wa kowane ɗan ƙasa, mai addini da marar shi, kuma da ma'aunin tsarin mulki za ta auna, ba da na littafi mai tsarki ba. Wata magatakarda a jihar Kentaki, Kim Davis, ta ƙi sa hannu a takardun auren jinsi saboda imaninta, ta yi kwana biyar a kurkuku a watan Satumban 2015. Faston da ke unguwarta babu wanda ya tilasta masa ɗaura irin wannan aure. Bambancinsu shi ne alƙalamin da ke hannunta na gwamnati ne.

Mu kuwa mun san yadda muka taso muka ga ana yi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan an share an yayyafa ruwa. Wakilin ango ya matso ya nema wa ɗansa aure, waliyyin amarya ya ce ya bayar, a faɗi sadaki a bainar jama'a, lakadan ko ajalan, liman ya yi siga, a shafa fatiha. Sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya yana shaida wa na nesa cewa aure ya ɗauru, yara kuwa hankalinsu na kan goro da alewa. Babu akawu, babu hatimi. Shaidar ita ce idon mutanen unguwa, kuma ta kan fi takarda ƙarko, don takarda gara na iya cinye ta. Dokar auren rajista ta Turawa ta shigo Legas tun 1884, amma kakanninmu a Kano da Katsina sun yi aure, sun haifa, sun raba gado ba su taɓa jin labarinta ba. Mun manta cewa wannan ma wani irin 'yanci ne.

Sai ga shi da kanmu muka ɗauki maganar muka kai Abuja. An fara gabatar da ƙudurin hana auren jinsi a 2006 zamanin Obasanjo, ya kwanta. A 2011 Firayim Ministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar taɓa tallafin ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsinsu, majalisar dattawa ƙarƙashin David Mark ta mayar da martani da amincewa da ƙudurin a watan Nuwamba. Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren, 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Masallaci da coci suka yi tafi tare, abin da ba kullum muke gani ba. Kaɗan daga cikinmu suka lura cewa dokokin hukunta laifuka na Arewa da Kudu sun riga sun tanadi hukunci a kan aikin tun da daɗewa, kuma jihohi 12 na da dokokin shari'a. A watan Janairun nan ne a Bauchi taron jama'a ya yi ta jifan harabar kotu inda ake sauraron ƙarar wasu da ake zargi, tun alƙali bai ce uffan ba. Malamanmu na zaure da suka karantar da mu haramcin abin, su ne kuma suka karantar da mu haramcin leƙen asirin mutane da nauyin ƙazafi. Rabin karatun muka riƙe a ranar.

Ga wani abin kuma. Wannan majalisar dattawa dai, a watan Yulin 2013, ita ce ta rikice a kan wani sashe na tsarin mulki da ya shafi shekarun matar aure, Sanata Ahmed Sani Yarima na tsakiyar ƙurar. A nan da yawanmu muka ce ina ruwan gwamnati da aurenmu. Haka muka ce game da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da ta sa shekara 18, wadda jihohin Arewa suka daɗe suna jan ƙafa a kanta. Haka aka yi wa Sarki Sanusi ca a 2017 da ya kawo batun dokar iyali da za ta taka wa marar hali birki wajen ƙara aure. A Nijar ma duk lokacin da aka taso da kundin dokar iyali sai ƙungiyoyin addini su tashi tsaye. Ranar da hukuma ta faɗi abin da muke so sai mu kira ta garkuwar addini, ranar da ta saɓa sai mu ce ta yi shisshigi. Ba a cin biyu, in ji masu magana.

Ba ina cewa hukuma ta tsame hannunta ɗungurungum ba ne. Bazawarar da aka kora da 'ya'ya huɗu ba ciyarwa, da marayan da baffansu ya danne musu gona, ba su da inda za su kai kuka sai gaban alƙali. Auren zawarawa da Hisba ta fara a Kano a 2012 ya rufa wa gidaje da dama asiri, gwajin lafiya kafin aure kuma ya ceci yara daga ciwon sikila. Sai dai hukuma mutane ne masu zuwa su wuce, kuma ƙuri'a ke kawo su. Amurkawa masu addini sun yi barci da minshari a 1996, lokacin da majalisar dattawansu ta amince da ƙuri'a 85 a kan 14 cewa aure a idon gwamnatin tarayya na namiji da mace ne kawai, Bill Clinton ya sa hannu. Cikin waɗanda suka ɗaga hannu a ranar akwai wani sanata daga jihar Delawe mai suna Joe Biden. A watan Disamban 2022, yana shugaban ƙasa, shi ne ya sa hannu a dokar da ta soke waccan ta 1996.