Sharhi: A Koya wa Ɗalibin Jinya Aikin da Zai Taras a Tebaram

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke kewaye da Tebaram, can yamma da Tahoua, ya san irin baƙin da dare kan kawo ƙofar gidan likita. Amalanke ne ko babur, ɗauke da mace mai naƙuda wadda ta wuni tana fama, ko yaron da zazzaɓi ya kai ga suma. Sau da yawa maigidan yana Abijan ko Libiya ko Legas wajen biɗa, kamar yadda mazan Adar suka gada, sai wata tsohuwa ce ta rako. Wanda zai buɗe ƙofa ma'aikacin jinya ne, wanda jama'a ke kira majo, kuma a wannan sa'a shi ne dokta, shi ne ungozoma, shi ne mai farmasi. Babban asibitin Tahoua yana nesa. Bayan ikon Allah, babu abin da ya rage wa marar lafiya illa abin da aka koya wa wannan matashi a makaranta, da kuma yadda aka koya masa shi.

Nijar ta daɗe da ɗora lafiyar talakawanta a kafaɗar ma'aikatan jinya. Daga 2001, a ƙarƙashin shiri na musamman na Shugaba Tandja Mamadu, an giggina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, jama'a kuwa suka ƙaru a ƙofar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2016 cewa kowane mutum 1,000 na bukatar dokta da ma'aikatan jinya da ungozoma da yawansu ya kai 4.45, ƙasar nan kuwa ko kusa ba ta yi ba. Ban da makarantun gwamnati na Yamai da Damagaram, waɗanda aka sani da ENSP, makarantu masu zaman kansu sun yawaita a manyan garuruwa, kowace shekara suna yaye ɗalibai. An dai samu yawa. Tambayar da hukuma ba ta cika son ji ba ita ce: me waɗannan ɗalibai suka iya yi da hannunsu ranar da aka miƙa musu takardar shaida?

Kowa ya san yadda darasi kan gudana a ajujuwa da dama. Malam ya tsaya yana shifta da Faransanci, ɗalibai suna rubutawa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Idan lokacin gwajin aiki ya zo, sai a tura su asibitin birni inda suka fi gadaje yawa, na gaba ya leƙa, na baya ya ji labari. Su kansu malaman, da yawansu ƙwararrun likitoci ne da ake ɗaukowa na ƴan sa'o'i, sun san aikinsu sarai, amma babu wanda ya taɓa koya musu yadda ake koyarwa. Ɗalibin da ya tashi a haka yana iya jera alamun sanƙarau ba tuntuɓe, alhali bai taɓa tallabar wuyan yaro ya ji sandarewarsa ba. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyara na farko shi ne a gabatar da hannu a kan baki. Kada ɗalibi ya fita sai ya ƙirga numfashin yara da agogo har ya saba, ya san cewa numfashi 50 a minti ɗaya ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu. Ya ɗaura awo a damtsen yaro, ya gane cewa ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani. Ya cika takardar bin naƙuda da kansa, ya gwada tsayar da jinin bayan haihuwa a jikin mutum-mutumi sau da yawa kafin ya taɓa ƴar wani. Jarrabawa ma ta bi wannan hanya. Tun 1975, a garin Dundee na Birtaniya, aka fito da tsarin da ɗalibi ke zagaya tebur bayan tebur, a kowane ya aikata wani aiki a gaban mai duba shi da takardar maki. Shekara 50 ke nan, ba a ce sabon abu ba.

Na biyu, darasi ya faro daga marar lafiya. Maimakon babi na kaza, malam ya shigo aji da labari: ga mai ciki wata 8, ƙafafu sun kumbura, kai na sara, ƙarfe 2 na dare, motar ɗaukar marasa lafiya ba za ta iso ba sai asuba. Me za a auna? Me za a ba ta? Yaushe za a ce a ɗauke ta? Ɗalibai su yi gardama, su yi kuskure a gaban allo inda kuskure ba ya kisa. A birni, ma'aikacin jinya yana cika umurnin dokta ne. A karkara shi ke yanke shawara, kuma mafi nauyinta ita ce sanin wanda zai riƙe da wanda zai tura gaba tun da sauran lokaci.

Na uku, harshe. Ana karatu da Faransanci, amma matar da ta zo daga tunga ko zango Hausa take ji, ko Tamajak, ko Fulatanci. Ba za ta faɗi sunan cuta irin na littafi ba. Za ta ce dussa, ko shawara, ko iska, ko ta ce maɗigar yaron ta faɗa. Wanda bai iya tambayarta cikin ladabi ba, bai iya yi mata bayanin awon magani da kalmomin da take ganewa ba, rabin iliminsa ya tafi a banza. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003, kan gidajen likita na manyan birane 5 na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya nuna yadda tsawa da wulaƙanci ke raba marasa lafiya da masu jinya. Tarbar mutum ma darasi ce, ana koyonta ta hanyar kwaikwayo: wannan ta zama uwa, wancan ya zama majo, saura su saurara su gyara. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wace hujja ta rage ta barin ta a bakin ƙofar aji?

Na huɗu, a fitar da ɗalibai daga birni. Kowane ɗaya ya yi watanni a gidan likita na karkara, musamman da damina da kaka lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika shi, a ƙarƙashin tsohon majo da aka zaɓa, aka horar, ake kuma biyansa ladan wannan ɗawainiya. Masu cewa babu tsaro suna da gaskiyarsu, domin ba a manta da kisan da aka yi a yankin Tilliya cikin Maris 2021 ba. Amma Adar na da faɗi, kuma hukuma ta san inda za a iya tura ɗalibi lami lafiya.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an gyara malamin. Wanda ya shekara 10 bai sa wa kowa ruwa a jijiya ba, ya kamata a mayar da shi ɗakin marasa lafiya na ɗan lokaci kowace shekara. Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tahoua tana da sashen ilimin koyarwa. Me zai hana ma'aikatar lafiya ta ƙulla yarjejeniya da ita, duk mai koyar da jinya a jihar ya bi ta can ya koyi tsara darasi da auna ɗalibi?

Za a ce babu kuɗi. To, nawa ne agogo, nawa ne awon damtse? Abin da ya yi ƙaranci shi ne sa ido. Ma'aikatan da ke sa hannu a takardar izinin buɗe makaranta, su riƙa komawa ba tare da sanarwa ba, su ga ɗakin gwaji da idonsu, su ƙirga ɗalibai da gadaje. Ɗan kasuwar da ke zuba jikkuna domin ƴarsa ta zama ma'aikaciyar jinya, shi da ba ya sayen buhun gero sai ya soka ya gani, ya tambayi makaranta: haihuwa nawa ɗaliba ke karɓa kafin ta fita, kuma a gaban wa? Makarantar da ta kasa amsawa ta ba da amsa.

Attajiri ko babban ma'aikaci na iya ganin wannan magana ta talakan ƙauye ce, tun da shi yana da halin zuwa Yamai. Sai dai hatsarin mota ba ya tambayar muƙami, kuma uwar kowa tana da ƙauyensu. Ranar da aka kwankwasa ƙofar majo da tsakar dare, darasin da aka yi ko aka ƙi yi shekaru 3 baya shi ne zai fito ya buɗe.